Sirdin Keken Luka

Ku yaran yanzu kun raina gyaran keke. Ina jin ku in kun zauna gindin dalbejiyar nan kuna cewa ai faci ne da famfo, kowane sakarai ma zai iya. To, madalla. Jiya ina kallon Bello, wani bawan Allah ya turo kekensa, ko kallonsa bai yi ba ya kife keken ya hau kwance-kwance. Da na daka masa tsawa na ce ya sa mai keken ya hau mu gani tukuna, sai na ga kuna ƙunshe dariya, wai tsoho ya fara rikicewa. Ban rikice ba. Ku matso in gaya muku inda na samo wannan hali, ko da yake ba labarin da nake jin daɗin bayarwa ba ne.

Aikin farko da aka ba ni a rumfar Maigida Tanko, can bakin babbar kasuwar Garwa, wankin boris ne, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan da ke sa ƙafar keke juyawa. Za a zuba maka su a gwangwani da kananzir, ka wanke, ka goge da tsumma, ka jera su cikin giris. In ɗaya ya suɓuce ya faɗa yashi, ba kai ba tuwo sai ka tono shi. Na daɗe ina wannan kafin a bar ni in taɓa taya. Kayan aikinmu ba su da yawa: sifana, wadda Maigida Tanko yake ce wa kile irin na masu Faransanci, da guduma, da filaya, da ƙarafan ɓare taya da maƙeri ya ƙera mana, sai kaskon ruwa na neman huji. Miƙe ƙafar keke shi ne babban karatu. Maigida Tanko yakan juya ƙafar, ya kara alli a gefenta, inda allin ya taɓa nan ne ta karkace. Sai ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa su da farce yana saurara, wadda ta saki ya ɗaure, wadda ta yi tauri ya sassauta. Na lalata ƙafafu da dama kafin kunnena ya buɗe, na kuma sha ranƙwashi daidai gwargwado.

Abin da ya koya mini na ƙarshe shi ne sirdi. Yakan ce keke kamar wando yake, ba a yanka shi sai an auna mai shi. Mutum ya hau, ka riƙe masa keken, ya ɗora diddige a kan feda ya tura ta ƙasa. In ƙafar ta miƙe sai ɗan lanƙwasa kaɗan, sirdi ya zauna daidai. In gwiwa ta tanƙware, ka kwance noti ka ɗaga. Ba wani sirri a ciki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekarar da ake yaƙi a Najeriya ita ce baƙar shekararmu. Duk kayan gyaranmu daga Yola da Mubi suke shigowa, sai hanya ta toshe, jiragen Binuwai ma suka daina hawowa. Taya ta zama abin nema ido rufe. Na tuna wani mai kai madara ya kawo mini tayar da ta yage kamar bakin kada, na ari basilla wajen baduku na ɗinke ta da jijiya, na cusa mata tsumma da ciyawa a madadin iska, ya hau yana tafiya yana ƙwanƙwasa haƙora. Faci kuwa daga tsohon tif ɗin mota muke yankowa. Da yawa sun bar sana'ar sun koma dako. Maigida Tanko bai daɗe bayan nan ba Allah Ya yi masa rasuwa, ya bar mini akwatin kayan aikinsa, ga shi can har yau. Na gaya muku duk wannan ne don kada ku ce abin da ya biyo baya rashin sanin aiki ne. Na san aikin sarai.

Wata Lahadi da la'asar, ana dawowa daga kasuwar Pitowa, wani yaro ya turo mini keke da feda a karye, an ɗaure buhun gyaɗa a baya. Siriri ne, bai fi shekara sha biyar ba, ƙafafu kamar sillen kara. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, a taimake ni, keken baffana ne, in ya gani zan sha duka." Sunansa Luka. Iyayensa manoma ne a duwatsun Poli, Kiristoci, shi kuma yana zaune wajen baffan nasa a nan gari yana yi masa jigila. Ina cikin gyaran sai ga Hamidu mai shayi, maƙwabcin rumfata, ya zo yana haki.

"Wallahi shi ne! Sule, ka san abin da yaron nan ya yi? 'Yan lise, ɗaliban babbar sakandaren nan, suna gwajin tsere a hanyar gada da kekunansu na Turai, ya zo ya wuce su da buhu a baya. Da buhu, Sule! Har yana yi musu sannu."

Hamidu ba ya iya riƙe magana, kafin magariba labari ya kai kunnen Alhaji Mamuda mai atamfa. Shi Alhaji irin mutanen nan ne da kakanninsu suka zo daga Kano da fatauci suka zauna, yana da abin hannu, yana kuma son a san da shi. Ana nan wani Bature malamin makaranta zai koma gida, Alhaji ya sayi keken tserensa, mai lanƙwasasshen kai, marar nauyi, da yatsa biyu kana ɗaga shi. Aka kawo rumfata. Ni na sa Luka ya hau, ni na riƙe masa, ya ɗora diddige, na saukar da sirdin har ya zo daidai da ƙafarsa, na ɗaure noti. A ranar aikin ya yi kyau, ba wanda zai kushe shi.

A zamanin, shugaban ƙasa ɗan garin nan ne, an shimfiɗa mana kwalta mai kyau, kuma duk ranar bikin ƙasa sai an yi tseren keke. Sojoji da jandarmomi da 'yan lise su ke cinyewa kullum. Mu Hausawan Garwa kuwa ba mu da abin yi wa ihu. Sarauta ta Fulani ce, ofis na masu Faransanci ne, mu sai kasuwa. Ranar da Luka ya shigo gaban kowa, na bayansa ko ƙurarsa ba su gani ba, unguwarmu ta haukace. Dattawa da rawani suna tsalle a bakin titi. Aka ɗauke shi a kafaɗa har ƙofar Alhaji. Ba wanda ya tuna daga dutse ya fito ko coci yake zuwa, ya zama namu. Ɗan Dutse muke ce masa, kuma da ƙauna muke faɗa.

Washegari aka taru a nan, gindin bishiyar nan da kuke zaune. Magana ɗaya ce a bakin kowa: yaron nan ya shiga idon mutane, a tsare shi. Alhaji ya karɓo laya wajen malaminsa, aka shiga shawarar inda za a ɗaura ta, inda ba za ta faɗi ba, hannun maƙiyi kuma ba zai kai ba. Hamidu ya nuna ƙarƙashin sirdi, daidai inda sandar sirdin take shiga jikin keke. Aka kira baduku ya naɗe wurin da jar fata, ya ɗinke tam, laya a ciki, notin sirdi ma a ciki. Malam ya aiko cewa kada a kuskura a farke. Na tambayi Luka ko abin ya dame shi, tun da ba addininsa ba ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Keken Alhaji ne, Kawu. Yadda kuka yi daidai ne."

Daga nan sai nasara. Ya ci a Marwa, ya ci a Ngaundare, ya dawo gida ya sake ci. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Matan unguwa suka ɗauki ciyar da shi kamar farilla, wannan ta aiko fura da nono, waccan farfesun kaza, wata man shanu a kwalba, wai ya cika rama. Keken kuwa a rumfata yake kwana. Kullum sai na wanke sarƙa, na saurari wayoyi, na duba birki. Ba ƙusar da ban san halinta ba a jikin keken nan, ban da wadda ke cikin jar fata. Ido ya saba ganin fatar, hannu ya saba tsallake ta, har na manta akwai noti a wurin.

Wata safiya ya dawo daga gwaji, ya jingine keken, ya tsaya yana murza gwiwar dama. Ya ce a hankali, "Kawu, in na hau tudu nan wurin yana yi mini zafi."

Ina tsugune ina faci, ko ɗagowa ban yi ba. Na ce, "Haba Ɗan Dutse, zakara da raki? Duk mai tsere da ciwonsa yake hawa. Haka keke yake."

Ya ce, "To, Kawu." Bai sake yi mini maganar ba.

Amma mutane suna da ido. Suka lura yana ɗingishi in ya sauka. Suka lura ya daina zama a sirdi, yawancin tseren a tsaye yake yinsa a kan feda. Mu kuwa wai salo ne! Har suna muka sa masa, tsayuwar Luka, yaran unguwa suna kwaikwayo da kekunan haya. Da ɗingishin ya yi yawa sai hankalin kowa ya tashi. Wallahi tsakani da Allah ake damuwa, ba na ƙarya ba. Na ga mutumin da ya rufe shagonsa ya zo ya zauna nan yana tambaya ya jikin yaron. Kullum bayan la'asar sai an cika gindin bishiyar nan ana gardama.

Hamidu ya ce, "Alhaji ne zai kashe shi. Yau Marwa, gobe can, yaro ba hutu kamar jakin haya?"

Wani ya ce, "Kai dai ba ka san duniya ba. Jifa ne. Waɗanda yake kayarwa kana tsammani barci suke yi?"

Wani ya ce 'yan mata ne suka fara ɗauke masa hankali. Wani ya ce sanyin kogi ne ya shige shi, a hana shi bin hanyar gada da sassafe. Ni kuma da aka juyo kaina, sai na ce bari in sake duba keken. Na canja sarƙa. Na canja boris na tsakiya, na ce ko su ke sa feda nauyi. Na sauya fedar ma gaba ɗaya. Kowa ya kawo abin da ya sani, kuma shi Luka duk abin da aka miƙo sai ya karɓa da hannu biyu. An ba shi rubutu ya sha, an ba shi saiwa ya tafasa. Aka kawo wanzami ya yi masa ƙaho a gwiwar, ya tsattsaga. Da abin bai yi ba, wani dattijo ya kawo mai lalas daga wajen Gashiga, aka gasa ƙarfe aka ɗora masa. Ina wurin, ni na riƙe masa kafaɗa. Yaron nan ya ciji hannun rigarsa, bai yi ko uhum ba, da aka gama ya ce mana an gode.

Wurin lalas ɗin bai warke ba, ya fara ruwa. Ana cikin haka labari ya zo cewa manya za su zo daga Yawunde su kalli tsere, su zaɓi waɗanda za su tafi da su kudu su riƙa hawa da sunan ƙasa, har da alkawarin aikin yi. Ga yaron da ya fito daga dutse da buhun gyaɗa, wannan ita ce ƙofar da ba ta buɗewa sau biyu. Unguwa ta rabu. Wasu suka ce a bar shi ya warke, wasu suka ce in ya wuce wannan shi ke nan. Hamidu har da hawaye, yana cewa, "Ku ji tsoron Allah, ku dubi ƙafar nan." Alhaji ya ce shi ba zai tilasta ba, a tambayi yaron. Aka tambaye shi a gaban jama'a, manya da yara sun zuba masa ido, waɗanda suka ciyar da shi, waɗanda suka ɗauke shi a kafaɗa. Me kuke tsammani zai ce? Ya ce zai hau.

Ya hau. Aka naɗe gwiwar da bandeji, aka tashi, ya fita gaba kamar yadda ya saba, a tsaye. Muna bakin titi muna ihu har muryoyinmu suka dushe. A dawowa daga gada, wurin ɗan tudun nan, sai muka ga keken yana layi. Ya zauna a sirdi, ya yi ƙoƙarin juya feda, ƙafar ta ƙi zagayowa. Ya faɗi gefe guda, sauran suka kewaye shi suka wuce. Da muka isa yana ƙoƙarin tashi yana cewa, "Ku yi haƙuri, ku yi haƙuri." Mu yake ba haƙuri.

Ya daɗe a asibiti. Likita ya ce gyambon ya ci ciki, ya yi faɗa sosai a kan lalas ɗin, ya tsiyaye abin da zai tsiyaye. Ƙafar ta tsira, amma gwiwar ta warke a sanƙare, rabi kawai take lanƙwasuwa. Batun tsere ya ƙare. Mutanen Yawunde sun tafi da wani soja. Shi likita bai taɓa ganin keken ba, balle ya ce wani abu a kansa. Na rataye keken a rumfa, kowa ya shigo sai ya kalle shi ya girgiza kai ya ce maƙiya sun yi aikinsu.

Ranar da aka sallame shi, uwarsa ta zo daga Poli za ta tafi da shi gida. Ba ta taɓa ganin tserensa ba, shi yake zuwa musu can in an yi Kirsimeti. 'Yar ƙaramar mace ce, da kwando a ka. Da hantsi ta biyo nan tare da shi, yana dogara sanda, wai sai ta yi wa mutanen da suka riƙe mata ɗa godiya. Jama'a suka taru, har Alhaji ya zo. Ta sauke kwandon, doya ce da ɗan zuma ta kawo mana. Ta durƙusa, da Hausarta ta kasuwa tana haɗawa da Fulatanci, ta ce, "Useko, useko. Kun ba shi abinci da kyau. Ya tafi wurinku yana nan," ta nuna kafaɗarta, "yanzu dubi, sai na ɗaga kai. Wandon da na ɗinka masa, kowace shekara sai na ƙara ƙyalle a ƙafa."

Aka yi 'yar dariya, ana cewa ai ba komai, ɗanmu ne. Sai ta ɗaga ido ta ga keken a rataye. Ta ce, "Shi ne wannan?" Aka ce shi ne. Ta dube shi, ta dubi ɗanta, ta juyo gare ni.

"Mai keke, shi wannan ba a ƙara masa ƙyalle? Ko shi ma yana girma da kansa? Ni ban san abin ƙarfe ba."

Ba gatse take yi ba. Tambaya ce kawai ta wadda ba ta sani ba, tana ma murmushi. Ni kuwa ji na yi kamar an kwara mini ruwan zafi daga ka har ƙafa. Na dubi Luka, a karo na farko cikin shekarun nan na dube shi daga sama har ƙasa. Ƙato ne. Ya fi ni tsawo, ya fi Hamidu. Na dubi sirdin, yana nan inda na ɗaure shi wa yaro ɗan shekara sha biyar. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, ko a gaban surukaina. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na waiwaya na ga Hamidu ya dafe baki, Alhaji ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Duk sun gane, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Mu muka ɗura masa fura da kaza har ya miƙe, mu muka ɗinke notin, sannan muka zauna muna neman maƙiyi a Marwa da barikin soja.

Na sauko da keken. Na ɗauki reza. Wani daga baya ya ce, "Sule, malam fa ya ce..." Alhaji ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi. Na farke fatar, layar ta faɗo, na miƙa wa Alhaji abinsa. Notin ya yi tsatsa ya kama jikinsa. Na zuba kananzir, na jira, na sa sifana, ya ƙi. Sai da na ɗan ƙwanƙwasa da guduma sannan ya yi ƙara ya saki.

Na ce, "Luka, zo ka hau."

Ya ce, "Kawu, ƙafar ba ta zagayawa."

"Hau dai. Zan riƙe ka."

Ya ba uwarsa sandar, ya hau. Na ce ya ɗora diddige. Gwiwar lafiyayyar ƙafar ma a tanƙware take kamar mai zaman turmi. Na sauke shi na ja sandar sirdin sama, ya sake hawa, bai isa ba. Na ƙara. Sai da na fito da ita kusan tsawon tafin hannuna kafin ƙafarsa ta miƙe yadda Maigida Tanko ya koya mini. Na ɗaure.

Ya taka a hankali. Da yake sirdin ya yi sama, gwiwar ba ta buƙatar lanƙwasa da yawa, sai fedar ta zagayo. Ta sake zagayowa. Na sake shi. Ya bi titin nan a zaune, sannu sannu, kamar tsoho mai zuwa masallaci, ya kai wajen masu goro ya juyo. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya yi tafi. Ya zo ya tsaya a gabana, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, fuskarsa cike da mamaki. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Amma murna yake yi, kamar wanda aka yi wa kyauta.

Ya ce, "Kawu, ashe ba dole ne keke ya yi ciwo ba?"

Na karɓi sandarsa daga hannun uwarsa na miƙa masa. Da azahar suka hau motar Poli, shi da uwarsa, ya koma noma, kuma duk shekara sai ya aiko mini da doya.

Ga wani can ya turo keke. Tashi, Bello. Bar sifanar a nan, ka je ka ce masa ya hau.